Ƙaramar inkubeta mai sanyaya ta lita 25: shin tana maganin warin gwajin bakteriya a makaranta?

Duk malamin kimiyyar da ya taɓa sa ɗalibai su shuka bakteriya a farantan Petri (ƙananan farantai masu murfi da ake renon ƙwayoyin cuta a ciki) a Makka ko Jidda ya san yadda abin yake ƙarewa. Ranar farko komai tsaf. Kwana uku bayan nan sai ɗakin gwaji ya ɗauki wani irin bashi haɗe da zarni, ya bi baranda ya leƙa ajujuwa, har mudir, wato shugaban makaranta, ya aiko a duba ko ɓera ne ya mutu a bayan kabad. Daga nan sai ƙorafin iyaye, sai a hana gwajin baɗi. Wannan asara ce babba, domin babu darasin da ke sa yaro ya yarda da wanke hannu irin ya ga abin da ya tsiro daga yatsansa da idonsa.

Kayan da muke dubawa a nan ƙaramar na'ura ce mai siffar firijin mota, tana ɗaukar lita 25, da taga a jikin ƙofa, da allon lamba da maɓallai a sama. A shagunan intanet da shagunan kayan dabbobi ana tallata ta ne a matsayin inkubetar ƙyanƙyasar ƙwan kunkuru da ƙadangare. Kamfanoni da yawa ne ke buga sunansu a jikinta, amma cikin kusan duk ɗaya ne, shi ya sa ba mu ware suna ɗaya ba. Kuɗinta 'yan ɗaruruwan riyal ne, alhali inkubetar ɗakin bincike ta ainihi mai iya sanyayawa sai an ajiye dubbai. Hukuncinmu tun daga farko shi ne: ga makaranta ko cibiyar darasi ta yamma a wannan ƙasa ta Saudiyya, ta ci kuɗinta. Tana kashe babban dalilin warin. Amma ba ita kaɗai ce za ta yi aikin ba, kuma tana da aibobi uku da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba.

Dalilin da ya sa muka damu da sanyaya shi ne yawancin ƙa'idojin wannan gwaji a ƙasashen sanyi aka rubuta su. A makarantun Ingila ka'idar ita ce kada zafin farantan ɗalibai ya wuce digiri 25, saboda ƙwayoyin da ke cutar da mutum sun fi bunƙasa a digiri 37, wato zafin jikinmu. A can, don a kai 25 sai an ɗumama. A nan sai an sauko. Inkubetar da makarantu suka saba saye ɗumamawa kawai take yi, kuma galibi aikinta yana farawa ne daga digiri biyar sama da zafin ɗakin da take ciki. To a ɗakin da ake kashe mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da zarar an tashi bayan azahar, a watan Satumba, ina amfaninta? Ɗakin da kansa ya riga ya kai talatin da wani abu. Farantin da aka bari a kan benci a irin wannan ɗaki, ba tare da kowa ya nufa ba, an yi masa renon asibiti ne: zafin jiki, dare da rana. A irin wannan zafi E. coli, wani bakteriya da ke zama a hanji, kan ninka kansa cikin kusan minti 20 idan abinci ya wadata. Shi ya sa gwajin da littafi ya ce a jira shi kwana uku, a Makka cikin kwana ɗaya ya cika faranti, a kwana na uku kuma ruɓewa yake yi.

Ya kamata a fahimci inda warin yake fitowa, domin daga nan ne za a gane abin da na'urar za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Abincin da ke cikin farantin, a kowace lita ta ruwa, kusan giram 15 ne na agar, da giram 5 na fefton, da giram 5 na gishiri, da 'yan giram na tataccen nama ko na yis. Shi agar ɗin daga ciyawar teku ake samo shi, kuma akasarin bakteriya ba sa iya cinsa, shimfiɗa ce kawai. Fefton kuwa furotin ne da aka narkar, shi ne abin da suke ci. Idan suka farfasa amino asid ɗin da ke cikinsa, sai su saki iskoki kala-kala. Amoniya ita ce zarnin. Daga sistin ake samun haidurojin salfaid, mai warin baragurbi. Daga tiriftofan ake samun indol, wanda E. coli da danginsa ke fitarwa, mai warin bayan gida. Lisin da ornitin su ke ba da kadaberin da futuresin, warin mushe ke nan. Staphylococcus na fata, wanda kusan kowane yatsa ke ɗauke da shi, yana ba da tsamin nan na safar da ta kwana a takalmi. Ba duka ne masu ɗoyi ba: Streptomyces na ƙasa ƙamshin ruwan farko yake yi, Pseudomonas aeruginosa kuma wani ƙamshi yake yi mai kama da na inabi, sau da yawa da launin kore-kore a jikin agar, alhali yana cikin waɗanda ba a so a gani a aji ko kaɗan. Don haka hanci ba ma'aunin haɗari ba ne. Wari iska ce, ba ƙwayar cuta ba, tana iya fita ta gefen murfi ba tare da bakteriya sun biyo ta ba. Haka nan farantin da ba ya wari yana iya ɗauke da mugun abu. Kada a bar ɗalibi ya kai faranti hancinsa, kada malami ma ya yi.

Abin lura shi ne yawan waɗannan iskoki ya dogara ne da abu uku: yawan bakteriyan da suka tsiro, tsawon lokacin da aka bar su, da kuma wurin da aka ɗebo su. Na'urar tana riƙe na farko. Sauran biyun suna hannun malami.

Babu kwamfiresa ko gas a cikinta. Tana aiki ne da wani ɗan fale-falen ƙarfe da yumɓu da ake kira Peltier, sunan Bafaranshen da ya gano hikimar a 1834: idan wuta ta ratsa shi, fuska ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta yi zafi, idan aka juya wutar sai fuskokin su yi musanya. Fanka ɗaya tana juya iskar ciki, wata a baya tana fitar da zafi waje. Amfanin wannan tsari a makaranta a fili yake. Ba ta da nauyi, mutum ɗaya zai ɗauke ta da hannu guda. Ba ta shan wuta, ba ta kai wat 100 ba. Mafi yawansu suna zuwa da igiya biyu, ta bango da ta mota mai bolt 12. Kuma tana ɗumamawa idan ɗaki ya yi sanyi, ta sanyaya idan ya yi zafi, wanda ke da amfani ga mutanen Madina da Riyad da Tabuk, inda daren hunturu kan sauko ƙasa da digiri 10. Farantai masu faɗin milimita 90 guda talatin zuwa arba'in suna shiga ba tare da cunkoso ba, idan aka jera su biyar-biyar a kan shiryayyun, wato aji ɗaya cif. Kafin a biya kuɗi a duba takardar da ke bayanta ta nuna bolt 220 zuwa 240, a kuma duba filogin: wasu na zuwa da mai ƙafa biyu, alhali soket ɗin da aka tsayar a Saudiyya mai ƙafa uku ne irin na Ingila. Na'urar da za ta kwana a kunne bai kamata a rataye ta a kan adafta mai girgiɗi ba.

Aibi na farko, kuma mafi girma, shi ne iyakar sanyinta. A kwali za ka ga an rubuta daga digiri 5, ko ma ƙasa, zuwa 60. Wannan lamba ta ƙasa tana samuwa ne kawai a ɗaki mai sanyi. Gaskiyar Peltier ita ce yana saukar da zafi ne da digiri 15 zuwa 20 ƙasa da iskar da ke kewaye da shi, ba fiye ba. Idan ɗaki yana 30, riƙe 25 wasa ne a gare ta. Idan yana 38, tana iyawa amma fankar ba za ta huta ba. Idan kuwa aka ajiye ta a ɗakin bene na ƙarshe, jikin bangon da rana ke duka, inda zafi kan haura 40 da la'asar, to tana bakin iyakarta, ƙura kaɗan a ragar baya ta isa ta sa lambar ta fara hawa. Wurin da ya dace da ita ɗakin ciki ne a ƙasa, wanda rana ba ta taɓa bangonsa, ko ɗakin da mukayyif ke kwana a kunne. A bar mata tazarar taƙi guda tsakaninta da bango. A goge ragar baya da burushi duk mako, domin ƙurar ƙasar nan ba ta da wuyar toshe ta. Kada a ɗora mata littattafai, kada a rufe ta da zane.

Aibi na biyu shi ne lambar da ke kan allo ba abin rantsuwa ba ce. Ma'aunin na'urar yana manne ne a wuri guda, sau da yawa kusa da fanka, don haka yana iya bambanta da tsakiyar akwatin da digiri ɗaya zuwa uku, kuma shiryayyen sama yakan fi na ƙasa ɗumi. Maganin wannan mai arha ne: a sayi ma'aunin zafi mai waya, irin wanda ke tuna mafi girma da mafi ƙanƙantar lambar da ya gani, a tsoma bakinsa a ƙaramin kofin ruwa mai murfi a tsakiyar shiryayye, a kunna na'urar ba komai a ciki na tsawon awa 24. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gwaji a yi shi mako guda kafin darasin. Idan ma'aunin ya nuna 27 alhali allo na cewa 25, sai a saita ta a 23, a rubuta hakan a takarda a manna a ƙofa. Mu dai shawararmu a nufi 23 zuwa 24 a ma'aunin waje, don a bar wa la'asar sarari. Gorar ruwa biyu na rabin lita a ƙasan akwatin suna taimakawa wajen riƙe sanyi idan an buɗe ƙofa ko wuta ta ɗauke na ɗan lokaci. A kuma gwada zare filogi a mayar: wasu na komawa lambar da aka saita, wasu na komawa ta masana'anta, kuma gara a san wace iri ce tun kafin farantai su shiga.

Aibi na uku ruwa ne, kuma shi ya fi shafar batun wari kai tsaye. Duk abin da ke sanyaya iska yana tatso ruwan cikinta. A Jidda da Yanbu da Dammam, inda iska ke jiƙe, bangon baya na ciki yana yin zufa, ta gangaro ta taru a ƙasa. Wasu na'urorin suna da ɗan tire na tarbar ruwan, wasu babu. Ruwan da ya kwana a can, ga ɗumi ga ƙura, shi ma gona ce ta funfuna, kuma sau da yawa hamamin da ake ɗora wa farantai daga nan yake tasowa. A tsane shi kullum da safe da takardar goge hannu, da safa a hannu, a jefa takardar cikin jakar sharar gwaji. Su ma farantan dole a kife su, murfi a ƙasa agar a sama. Idan aka ajiye su a daidai, zufar murfi tana ɗigowa kan agar, ta kwashe gungun bakteriyan ta malala su ko'ina, a rasa abin ƙirgawa, ruwan kuma ya bi gefe ya fito da wari da ƙwayoyin gaba ɗaya. Farantin da ya fito daga firiji a bar shi awa ɗaya ko biyu a ɗaki, a kife, a rufe, kafin a shuka a kansa.

Ƙofar tana da roba a gefe, kuma tana riƙe wari fiye da yadda ake zato: muddin a rufe take, wanda ya shigo ɗakin da wuya ya ji wani abu a kwana biyun farko. Amma ba matattarar iska ce ba. Abin da ya taru a ciki yana nan, da an buɗe zai fito lokaci guda. Robar cikin ma tana shan wari idan an daɗe. Abin da ke rage wannan shi ne gawayin tace ruwa, wanda ake sayarwa a shagunan kifin ado. Giram 100 zuwa 200 a cikin jakar raga, a ajiye kusa da fankar ciki ba tare da an toshe ta ba. Ba gawayin turaren wuta ko na gasa nama muke nufi ba. Wancan ba a buɗe ƙofofinsa ba, mai saurin kamawar ma da sinadari a jikinsa. Gawayin tacewa giram ɗaya nasa yana da farfajiyar ciki ta ɗaruruwan murabba'in mita, yana kama indol da asid masu tsami sosai. Inda yake da rauni shi ne amoniya da haidurojin salfaid, kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa yana raguwa. Don zarnin, a haɗa da tsakuwar ziyolait cikin tafi ɗaya, a shago guda ake samunsu. Bakin soda na girki yana ɗan rage tsami, amma ba ya taɓa zarni da ƙarni, kuma fanka tana watsa garinsa. In za a sa, a rufe kofin da takarda mai laushi a ɗaure da roba. Bayan kowane zagaye na gwaji a zubar da gawayin a sa sabo.

Turaren wuta da na fesawa kuwa muna roƙon a bar su. Mun san al'adarmu ce, ɗaki ya yi wari a kawo kasko. Amma a nan ƙamshin hawa yake yi kan ɗoyin, su haɗu su zama abin da ya fi tayar da zuciya, ga yara masu asma, ga garwashi a ɗakin da ake goge benci da sifirit mai kama wuta. Sannan yana ɓoye wa malami alamar da ya kamata ya ji. Taga a buɗe da fankar zuƙe iska na minti goma kafin ɗalibai su shigo sun fi kowane turare.

Akwai wani kuskure da tsoron wari ke jawowa, kuma na'urar ba za ta gyara shi ba: a naɗe farantin da salatif ta ko'ina, ko a cusa shi a leda mai zif a matse iskar tun ranar farko. An gudu ba a tsira ba ke nan. Idan iskar oksijin ta ƙare a ciki, an buɗe wa bakteriyan da ba sa son iska hanya, irin su Clostridium, kuma su ne suka fi kowa ɗoyi, a cikinsu ne kuma ake samun masu haɗari. Yadda ake yi shi ne gajerun salatif biyu zuwa huɗu, kowanne ya kamo murfi da gindi, a bar sauran gefen yana numfashi. A rubuta suna da kwanan wata a gefen gindin farantin, ba a murfi ba. Sai bayan an gama reno, kafin a miƙa wa ɗalibai su duba, sannan muhaddiri, wato mai kula da ɗakin gwaji, ko malami ya zagaye bakin da salatif gaba ɗaya. Daga wannan lokaci babu wanda zai sake buɗewa, har a halaka shi.

Lokaci shi ne abu na biyu cikin ukun da yawan warin ya dogara da su, kuma tsarin makon nan na ƙasar yana da tarko. Hutu Juma'a da Asabar ne. Malami ya shuka ranar Laraba ko Alhamis da tunanin ya dawo Lahadi ya tarar sun tsiro, sai farantai su yi kwana uku ko huɗu ba mai leƙa su, ba mai tsane ruwa, wataƙila ma mai gadi ya kashe babban makunnin ginin. A shuka ranar Lahadi. A digiri 24, gungun farko na bayyana ranar Litinin da yamma ko Talata, ƙanana, farare da rawaya. Laraba a duba, a ƙirga, a zana, a ɗauki hoto da waya. Alhamis kafin a tashi an halaka komai. Awa 48 zuwa 72 sun isa darasin. Duk abin da ya wuce haka ba ilimi yake ƙarawa ba, miya ce aka bari ta kwana ba a ɗumama ba. A nan na'urar tana da wata fa'ida da muke yabawa sosai: idan farantai sun kai yadda ake so ranar Talata amma darasin sai Laraba, a sauke saitin zuwa mafi ƙarancin da za ta iya, ko da digiri 10 ne ko 12. Girman zai kusan tsayawa, warin ma haka. Inkubeta mai ɗumamawa kawai ba ta da wannan.

Wurin ɗebo samfur kuwa, a taƙaice: ban da masai, ban da magudana, ban da baki da hanci da tari, ban da ɗanyen nama da kaza, ban da tafin takalmi. Yatsa kafin wanki da bayan wanki da sabulu, farantin da aka buɗe wa iskar aji na rabin awa, ganyen bishiyar tsakar makaranta, marikin ƙofa, duk sun isa. Gwajin da ɗalibai ke so shi ne kwatanta takardar riyal biyar ta roba, wadda aka fitar a 2020, da takardar kuɗi ta auduga. A shafa da tsinken auduga mai tsabta da aka ɗan jiƙa da tafasasshen ruwa, a ja layi a hankali ba tare da an yaga agar ba. A bar faranti ɗaya a rufe ba a taɓa shi ba, a sa shi tare da sauran. Idan shi ma ya tsiro, kayan ne suka lalace tun a hanya, wanda ba abin mamaki ba ne ga kwalin da ya wuni a bayan motar kai saƙo a watan Agusta. Da isowar farantai a duba: agar da ya tsage, ko ya janye daga gefe, ko ruwa ya taru a ledar, a mayar. Masu kyau a ajiye su a kife a digiri 2 zuwa 8, kada su daskare.

Kada a yi na gida da jelatin da romon nama ko dunƙulen miya. Jelatin yana narkewa a wajen digiri 30 zuwa 35, kuma bakteriya da yawa suna cinye shi ya koma ruwa mai ɗoyi. Wannan ce matsalar da ta sa aka koma agar tun farkon shekarun 1880, bisa shawarar Fanny Hesse, matar wani likita da ke aiki tare da Robert Koch a Jamus, kafin Julius Petri ya fito da farantinsa a 1887. Agar ba ya narkewa sai wajen digiri 85. Agar mai jini kuma na asibiti ne, ba shi da gurbi a makaranta.

Abu biyu na tsaro da suka shafi siffar na'urar. Maɓallanta a waje suke, ba makulli, kuma tana kaiwa 60. Yatsa ɗaya mai ƙaiƙayi ya isa ya kai ta 37. A rufe maɓallan da kwali da salatif, ko a ajiye ta a ɗakin da ake kullewa. Sannan kamanninta na firiji yana jan mutane: wani zai sa laban ɗinsa, wata ta sa maganinta. A rubuta a ƙofa da manyan baƙaƙe, da Larabci da duk harshen da ma'aikata ke ji, cewa ba a sa abinci, kuma na'urar da bakteriya suka taɓa kwana a ciki ta bar zama ta abinci har abada.

Zafin digiri 60 da na'urar ke kaiwa bai isa a dogara da shi wajen kashe abin da ya tsiro a farantan ba. Ƙwayayen Bacillus masu sulke suna jure har tafasa. Don haka duk wanda ya sayi wannan na'ura sai ya haɗa da tukunyar matsi, wadda aka ware wa wannan aiki kaɗai. Abin da ake nema shi ne digiri 121, wanda ke samuwa a matsin fam 15 (a jikin tukunya ana rubuta shi 15 psi). Farantan, a rufe yadda suke, a zuba su a jakar da aka yi don jure tururi, a ɗaure bakinta sako-sako don tururin ya shiga, a ɗora ta a kwanon ƙarfe a kan abin da zai ɗaga shi daga ruwa a cikin tukunyar, da ruwa kamar santimita uku a ƙasa. Farantan roba ne, za su narke su lanƙwashe, kwanon ne zai tare abin da ya zubo. A bar tururi ya fita na minti biyar kafin a ɗora nauyin da ke toshe kafar tururi a murfin, sannan a fara ƙirga. Minti 15 shi ne mafi ƙaranci, amma ga jaka cike da shara muna cewa minti 30. Tukwanen gida da yawa, musamman masu aiki da lantarki, ba sa kai fam 15, a duba abin da aka rubuta a murfi ko a takarda. Mutanen Ɗa'if, mai tsayin kusan mita 1,900, da na Abha, sama da mita 2,200, su ƙara lokaci, domin a Abha ko tukunyar fam 15 wajen digiri 117 take tsayawa. Salatif na musamman mai canza launi da tururi yana nuna an kai zafi, amma ba ya nuna an daɗe, agogo ne ke nuna wannan. A sani cewa warin da ya fi kowanne a duk gwajin a nan yake fitowa, lokacin da agar ya narke. A yi aikin bayan an tashi, a saman bene ko ƙarƙashin fankar zuƙe iska. A bar tukunyar ta huce da kanta, jakar ta sandare, a ɗaure, a sa a wata leda, sannan ta tafi shara. Kada a zuba narkakken agar a wurin wanke hannu, yana daskarewa a cikin bututu.

Inda babu tukunyar, abin da ya rage shi ne Clorox, wato ruwan bilicin wanki: kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, sabon haɗi na ranar, a bokiti mai murfi. Babba ne zai yi, da safar hannu da tabarau, ya nutsar da farantin sannan ya ɓalle murfin a ƙarƙashin ruwan, a bar su su kwana. Wannan bai kai tururi ba, domin maganin a hankali yake ratsa agar. Kada abin da ya sha Clorox ya shiga tukunyar matsi. Kuma kada a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, irin wanda ake kira Flash, ko da mai amoniya. Iskar da ke tashi daga wannan haɗi ta kai mutane da dama asibiti a ƙasar nan. A gaya wa masu shara wannan baki da baki. Idan faranti ya faɗi ya fashe, a rufe wurin da takarda, a jiƙa da haɗin, a jira minti 20 kafin a kwashe.

Ita kanta na'urar, bayan kowane zagaye a zare filogi, a fitar da shiryayyun a wanke, a goge ciki da sifirit mai kashi 70 na kantin magani, a bar ƙofar a buɗe kwana guda. Clorox yana cin ƙarfen da ke bayan fankar, in an yi amfani da shi a jikin roba a bi da ruwa nan take.

Makarantar da ɗakin gwajinta ke da mukayyif dare da rana a digiri 23 ko 24 ba ta bukatar wannan na'ura; babban akwatin roba mai murfin da ba a datse ba, da jakar gawayi a ciki, zai yi mata aikin. Mai ajujuwa huɗu ko biyar da ke son su yi gwajin mako guda, ɗaya ba za ta ishe shi ba, sai dai ya raba su mako-mako. Wanda kuma kuɗinsa abu ɗaya kawai zai saya, ya fara da tukunyar matsi, ya ɗage gwajin zuwa Disamba ko Janairu.